Daga ƙwaryar fura zuwa shinkafar Tailan: cin abincin waje a Madawa

A da, a ƙasar Madawa da Buza da Keita, magidanci ba ya cin abinci a waje. Wanda aka gani tsugune gaban mai tuwo a garinsu, sai a shiga tambaya ko gidansa lafiya. Abincin saye na baƙo ne, na fatake da ƴan koli da masu raƙuma da suka zo cin kasuwa. Su ake dama wa fura da nono, su ke tsayawa wurin mahauta. Ranar kasuwa ce kaɗai ke ɗauke wa ɗan gari wannan kunya.

Hanya ce ta fara sauya lamarin. Madawa tana kan babbar hanyar RN1, tsakanin Birnin Ƙonni da Maraɗi, wata kuma ta yi arewa zuwa Buza da Keita har Tawa. Da motoci suka yawaita, tasha ta koma wurin ciyar da jama'a, kilishi kuwa ya kai sunan garin Yamai da Damagaram. Aikin na masu haƙuri ne. Mahauci zai zauna da tsokar sa marar kitse, yana bin ta da wuƙa yana warwarewa har ta zama shimfiɗa siririya, ya shanya a kan gadon kara. In ta bushe a tsoma ta a labu na tunkuza da yaji, a sake shanyawa, sannan a nuna mata wuta. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu, wanda ba a lulluɓe shi da labu, mai da gishiri da kayan yaji kawai ake sa masa. A ganina a rumuzu ake gane gwani, domin babu abin da zai rufa wa mugun nama asiri.

Sai fari na 1973 zuwa 1974, sai na 1984. Rumbunan gero suka ƙare, abincin agaji ya shigo, maza suka ƙara fita bida. A 1984 aka buɗe aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya da jagorancin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, inda jama'a, akasari mata, suka riƙa jera duwatsu da dasa itatuwa ana biyansu da abinci. Waɗanda suka tafi Abijan kuwa sun tarar da garba, acheke da soyayyen kifi, wanda ƴan Nijar suka yi suna wajen sayar da shi a bakin titi. Mutumin da ya shekara yana ci a rumfa a can, in ya dawo gida ba ya jin kunyar bencin mai shayi.

Haka shinkafa, wadda a da sai salla ko biki, ta zama abincin rana a tasha: da wake, da mai da yaji, da yankakkiyar albasar fadamar Tarka a sama. Galibinta daga Asiya take, Tailan da Indiya, kuma a da ta tashar ruwan Kwatano take shigowa. Shi ya sa faɗuwar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta taɓa farantin mai abinci, haka ma rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023.

Abin da ke ci mini rai shi ne, Tailan ba buhu kaɗai take sayar wa duniya ba. A 2002 gwamnatinta ta ƙaddamar da shirin Global Thai don yawaita gidajen abincinta a ƙasashen waje, ta taimaka da horar da masu girki da ba da rance. Yau a Landan ko Faris mutum kan yi ado ya tafi cin girkin Tailan. Mu kuma ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a Afirka ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar kare sunan asali, abin murna ne ƙwarai. Amma matafiyin da ya sauka a Madawa har yanzu a tsaye yake ciniki, direba na matsa masa da oda, a naɗe masa kilishi a takarda ya ruga mota. Mahautan da suka gaji wannan sana'a sun cancanci rumfa mai tsabta, da ruwan wanke hannu, da wurin shanya da ƙura da ƙuda ba sa kaiwa.