Hanyar Duwala da aikin yaranmu a Kilomita Biyar

'Yan'uwa 'yan ƙungiya, tunda bikin zagayowar shekara ya sake tara mu, bari mu waiwaya mu ga daga ina aikin yi yake shigowa unguwarmu.

Faransawa sun kafa Bangi a 1889 a bakin kogin Ubangi, kuma shekara da shekaru kogin ne ƙofar gari. Kaya su sauka a Pointe-Noire, jirgin ƙasa ya kai su Brazzaville ta layin da aka gama a 1934, sannan jirgin ruwa ya hauro da su. Da rani ruwa ya ja baya, sai haƙuri. Kakanninmu da suka zauna Kilomita Biyar, Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Chadi, shanu da goro da atamfa suka riƙe. Yaro ya yi shekaru yana tsaron shago, ranar da maigida ya yarda da amanarsa sai ya sallame shi da jari.

Da akasarin kaya suka koma hanyar mota, daga Duwala ta Garoua-Boulaï da Béloko da Bouar, tafiyar kusan kilomita 1,500, aiki ya ninka. Mota ɗaya in ta tsaya a Kokoro, ban da direba da yaronsa, 'yan dako za su ci, masu tura amalanke za su ci, haka bakanike da mai faci da mai tuwon bakin tasha.

Mun san darajar hanyar nan ranar da ta toshe. Bayan rikicin Disamba 2013, dubban mutanenmu suka yi gudun hijira zuwa Chadi da Kamaru, shaguna suka zama kango. Daga Disamba 2020 zuwa Fabrairu 2021 kuma 'yan tawaye suka tare hanyar, motoci suka yi cirko-cirko a Garoua-Boulaï, 'yan dakonmu suka wuni a gindin bishiya ba ko sisi.

Yanzu kasuwa ta farfaɗo, amma samarinmu da yawa da suka tafi Njamena da Yawunde da Duwala ba su dawo ba. Ba ma ganin laifinsu, can suka samu abin yi. Aikin da ke ƙaruwa a waɗannan birane, har da nan Bangi, ya sauya kama: fitar da kaya a duwan, lissafin sito a kwamfuta, shagon aika kuɗi ta waya, gyaran waya, haɗa sola. Galibinsu sai da Faransanci da takardar makaranta. Mu kuwa har gobe muna cire yaro daga aji mu zaunar da shi a shago, sannan mu biya bare ya cika mana takardun duwan. A ofis muna ganin wannan kullum, wani lokaci ɗan kasuwa ya sa hannu a takardar da bai san abin da ke cikinta ba.

Duk mai ɗa ko 'ya da suka gama sakandare, ya kawo sunansu ofishin ƙungiya, mu haɗa su da mambobinmu masu neman magatakarda a nan ko a bakin iyaka.