Daga Dorugu zuwa ajinmu: tarihin aikatau da karɓau

Ƴan uwa ɗalibai, a lakwal mushe yakan wahalar da mu kan aikatau da karɓau na Faransanci, har wasu su ɗauka Hausa ba ta da irin wannan doka. Ai kuwa tana da ita. Tsohuwar da ke ciniki a kasuwar Magarya ko Dungas za ta ce "na sayi gero", "na saye shi", "gero na saya". Ba ta taɓa kuskure ba, ko da ba ta taka ƙofar aji ba. Ƙarshen aikatau ne ke sauyawa bisa abin da ya biyo baya: suna, wakilin suna, ko babu komai. "Zauna" kuwa ba ya neman karɓau, shi ya sa ake ce masa ƙi-karɓau, "saya" kuma so-karɓau.

To, yaushe aka fara rubuta wannan? Labarin ya faro kusa da mu. Dorugu yaro ne ɗan Dambanas, wajen Kance, da aka kama bauta aka kai Barno. Bature Overweg ya ƴanta shi, Barth kuma ya tafi da shi Ingila a 1855. Can ya zauna da J. F. Schön yana ba shi labarai da tatsuniyoyi, wanda ya fitar da nahawun Hausa a 1862. Ke nan Hausar ƙasar Damagaram na cikin tubalin farko.

Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin F. W. Parsons na Landan ya kasa aikatau gida bakwai a 1960, bisa karin sauti da wasalin ƙarshe. "Saya", "ɗauka" da "tambaya" suna gida na biyu. M. K. M. Galadanci ya fitar da nasa nahawun a 1976, Paul Newman kuma a 2000. A nan Nijar, a Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973.

Dorugu ya ba da harshen, sunan wani ya hau bangon littafi. Mu da muka iya biro fa, sai mu saurari yadda mutanen Magarya da Dungas ke sarrafa aikatau, mu rubuta a kaye da sunanmu.