Siffar Rassan Bakan Itace

Rassan baka su ne ɓangarorin nan biyu da ke lanƙwasawa sama da ƙasan mariƙi idan an ja tsirkiya. A lokacin jan, bayan baka yana miƙewa, cikinsa da ke fuskantar maharbi kuwa yana matsewa. Siffar da masassaƙi ya ba reshe ita ke raba wannan nauyi a jikin itacen. Idan aka ninka faɗin reshe, taurinsa kan ninka sau 2. Idan kaurinsa aka ninka, taurin sai ya kai ninki 8. Shi ya sa ɗan kankara kaɗan daga cikin baka kan sauya halinsa gaba ɗaya.

Bakunkunan da aka tono a fadamar Holmegaard ta ƙasar Denmak a shekarun 1940 suna cikin mafi daɗewa da aka samu cikakku, shekarunsu wajen 9,000. Da itacen elm aka yi su, rassansu masu faɗi ne kusa da mariƙi, suna tsukewa zuwa ƙarshe. Dabara ce mai kyau: faɗin yana hana itace mara juriya tsagewa, siririn ƙarshe kuma ba ya cinye ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya.

Ingila ta bi wata hanya. Dogon bakanta na yaƙi siriri ne mai kauri, cikinsa a kewaye. Itacen da ake kira yew ne ya ba mutanen Ingila wannan dama, domin farin ɓangarensa na waje yana jure miƙewa, jar zuciyarsa tana jure matsi, sai a sassaƙa sanda ɗaya ta haɗa su biyun. Jirgin ruwan yaƙi Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka ciro shi a 1982, ya adana irin waɗannan bakunkuna fiye da 130. Tsayinsu, wanda ya kai na mutum ko ya zarce, shi ke hana su karyewa idan an ja su.

Sunan dogon bakan ya rufe sauran har shekarun 1930, lokacin da masanan kimiyya a Amurka, Clarence Hickman da Paul Klopsteg, suka auna siffar rassan baka da lissafi. Sun nuna cewa reshe mai faɗi kuma shimfiɗaɗɗe ya fi raba nauyi daidai. Daga nan masu sassaƙa baka a Amurka suka koma ga wannan siffa, suna amfani da itatuwa irin su hikori, waɗanda 'yan asalin ƙasar suka daɗe suna yin faffaɗan baka da su.