2.4 Haɗin Gwiwar Jami'a da Masana'antu Wajen Duba Bututun Mai a Ingila

Kafin shekarun 1990, idan za a duba bututun mai da sautin da kunne ba ya iya ji, akan ɗora na'ura ne a auna kaurin ƙarfen wurin da ta taɓa kaɗai. To amma bututun matatu da dama a naɗe suke da rufi mai tsare zafi, tsatsa kuwa a ƙarƙashinsa take cin ƙarfe. Kware rufin duka yana cin kuɗi ƙwarai, barinsa kuma kan jawo yoyo ko gobara.

Wannan ne ya sa masana'antu suka tallafa wa binciken Peter Cawley da David Alleyne a Kwalejin Imperial ta Landan. Sun ƙera wani zobe da ake ɗaura wa bututu, ya tura sauti ya bi tsawon ƙarfen. Duk inda tsatsa ta ci, sai amsa-kuwwa ta dawo. Ta haka akan duba gomman mitoci daga wuri guda. Sai dai zoben nuni kawai yake yi, sanin ainihin zurfin ɓarnar kuwa sai an koma ga tsohuwar hanya. A 1999 ne aka kafa kamfanin Guided Ultrasonics domin kai fasahar kasuwa.