Kare da Hoto a Tarihin Sabon Ibadan

Gabatarwa

A wannan ɗan taƙaitaccen nazari za mu duba dalilin da ya sa da wuya a ga hoton Bahaushe da karensa, ko da kuwa akwai shaƙuwa a tsakaninsu. Mun zaɓi unguwar Sabo ta Ibadan domin a nan Bahaushe ya daɗe yana maƙwabtaka da al'adun da suka bambanta da nasa.

Sabo da Maƙwabtanta

An kafa Sabo a shekarar 1916, ta bunƙasa da fataucin shanu daga Arewa da na goro zuwa Arewa. Abner Cohen, wanda ya yi bincike a unguwar a farkon shekarun 1960, ya nuna yadda mafi yawan mazaunanta suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya wajen 1951 zuwa 1952, suka ƙara riƙo da addini domin kare martabarsu a baƙon wuri. A gefensu kuwa akwai Yarabawa masu bautar Ogun, waɗanda kare yake cikin abin da suke yankawa. Don haka nesanta kai da kare a bainar jama'a ya zama wata alama ta Bahaushe Musulmi.

Matsayin Addini

Hadisi ingantacce ya haɗa kare da sura a wuri guda, cewa mala'iku ba sa shiga gidan da suke ciki. Ke nan mai rataya hoton karensa ya tara abubuwa biyu da malamai ke ƙyama. Sai dai shari'a ta halatta karen farauta da na kiwo da na gona, Malikiyya kuma ba ta ɗauki kare najasa ba. Alƙur'ani ma ya ambaci karen As'habul Kahfi tare da iyayen gidansa.

Abin da Aka Rasa

A wasu ƙasashe hoto ya adana irin wannan amana. Hachiko na Japan ya yi ta jiran ubangidansa a tashar Shibuya daga 1925 har ya mutu a 1935, hotunansa kuma suna nan. A wajenmu kuwa, Bahaushe kan tsaya gaban mai hoto da babbar riga, ko bisa doki, ko ranar dawowa daga Makka. Maharbi da makiyayi da mai gadi, waɗanda suka san darajar kare, ba su ne masu kuɗin hoto ba. Sai karin magana ta riƙe musu shaida, inda ake cewa karen bana shi ke maganin zomon bana.

Kammalawa

Rashin hoto bai nuna rashin ƙauna ba. Ya nuna wanda aka ga ya cancanci a tuna da shi. Ya kamata manazarta su nemi tsofaffin mafarauta da masu gadi su ji ta bakinsu, tun kafin ƙasa ta rufe idonsu, tarihin ya bi su.