Yadda Tsofaffin Lens Suka Koma Bakin Aiki a Kyamarorin Zamani

A watan Fabrairun 1985 kamfanin Minolta na ƙasar Japan ya fito da kyamarar da ya sa wa suna Minolta 7000, wadda ke saita fokas da kanta. Mai hoto zai nuna ta ga abin da yake son ɗauka, ya ɗan taɓa maɓalli, sai wani ƙaramin inji da ke cikinta ya juya gilashin har hoton ya fito tangaran. Ba a kanta aka fara ba, domin tun 1977 kamfanin Konica ya yi wata 'yar ƙaramar kyamara mai wannan dabara. Amma a cikin manyan kyamarorin da ake cire wa ido a sauya wani, ita ce ta fara samun karɓuwa a kasuwa. Sai dai ta zo da sharaɗi mai ɗaci. Bakin da ake ɗaura idon kyamarar, wanda masu sana'ar ke kira lens, sabo ne fil. Duk lens ɗin da kamfanin ya sayar wa jama'a tun daga 1958, babu wanda ke shiga.

Bayan shekara biyu, a watan Maris na 1987, kamfanin Canon ya bi sahu da kyamarar EOS 650. Shi ma ya jingine bakin FD da yake amfani da shi tun 1971, ya kawo sabo mai suna EF wanda lantarki ne ke tafiyar da komai a cikinsa. Masu hoton da suka kwashe shekaru suna tara lens ɗaya bayan ɗaya da guminsu sun ji zafin wannan mataki, kuma suna da gaskiya. Nikon da Pentax sun fi tausaya wa abokan cinikinsu, suka bar bakinsu na da yadda yake. Sauran kuwa, irin su Konica da Olympus da Contax, a hankali layin tsofaffin kyamarorinsu ya mutu. Haka miliyoyin lens masu lafiya lau, waɗanda aka ƙera da ƙarfe da gilashi don su daɗe, suka koma kwance a akwatuna da kantunan gwanjo.

Mai karatu zai ce, to me ya hana a ƙera wani zobe da zai haɗa tsohon lens da sabuwar kyamara? Amsar tana cikin 'yan milimitoci kaɗan, kuma duk tarihin nan a kansu ya rataya.

Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girman rubutu a rana ya san cewa sai an riƙe shi a wani nisa na musamman hasken ke taruwa wuri guda. In aka matsa ko aka ja baya, sai ya watse. Lens ma haka yake. An ƙera kowanne ne don ya zauna a wani ƙayyadadden nisa daga fim, kuma kowane kamfani da nasa awon. Na Nikon F milimita 46.5 ne, na bakin M42, wanda za mu zo kansa, kusan 45.5, na Canon EF 44, na tsohon Minolta 43.5, na Canon FD 42, na Leica M kuma 27.8. Abin da ya sa mafi yawansu suka haura 40 shi ne madubi. A cikin irin waɗannan kyamarori akwai madubi tsakanin lens da fim, wanda ke tura hoton sama zuwa tagar da mai hoto ke leƙawa, sannan ya ɗage sama a daidai lokacin ɗauka. Dole a bar masa fili.

Zobe yana iya ƙara nisa, amma ba ya iya rage shi. Lens ɗin FD na son milimita 42, kyamarar EOS kuwa bakinta na kan 44, ke nan sai lens ɗin ya nutse cikin jikin kyamarar da milimita 2 kafin ya ga abu mai nisa. Hakan ba zai yiwu ba. An yi irin waɗannan zobba, wato adafta, masu ɗan gilashi a ciki don cike wannan giɓi, amma mafi yawansu ɓata hoton suke yi.

Waɗannan lens da aka jingine ba tarkace ba ne. Wasunsu suna da asali mai tsawo, kuma babu wanda labarinsa ya kai na Helios-44. A garin Jena na ƙasar Jamus, wani masanin kamfanin Carl Zeiss mai suna Willy Merté ya tsara lens ɗin Biotar a ƙarshen shekarun 1920, daga baya aka fitar da samfurinsa mai milimita 58 don kyamarar Exakta. Da yaƙin duniya na biyu ya zo ƙarshe a 1945, sojojin Amurka ne suka fara shiga Jena. Kafin su miƙa garin ga Tarayyar Sobiyet sun kwashi manyan masanan Zeiss zuwa yammacin ƙasar, inda aka kafa sabuwar masana'anta a Oberkochen. A 1946 su kuma Sobiyet suka kwance injinan masana'antar Jena, suka tafi da su gida tare da ma'aikata da zane-zane, a matsayin diyyar yaƙi. Kyamarar Contax ta koma ana ƙera ta a birnin Kiev da sunan birnin. Lens ɗin Sonnar ya zama Jupiter. Biotar kuma ya sake bayyana a 1958 a masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko, da sunan Helios-44. An ci gaba da ƙera shi har cikin shekarun 1990 a masana'antu fiye da ɗaya, ana sayar da shi manne da kyamarar Zenit, har yawansa ya kai miliyoyi.

Bakin da mafi yawan Helios ke ɗauke da shi, wato M42, shi ma daga Gabashin Jamus ya fito a 1949, a kan kyamarar Contax S da Praktica. Ba shi da wata ƙwalama: tiredi ne mai faɗin milimita 42 da ake murɗawa har ya kama. Sauƙinsa ya sa kamfanoni da dama suka ɗauke shi, har da Asahi na Japan mai kyamarar Pentax, wanda ya yi ta fitar da lens ɗinsa na Takumar a kai har zuwa 1975. Don haka kafin a rufe wannan babi, duniya ta cika da lens na Jamus da Rasha da Japan masu shiga baki iri ɗaya.

Alamar farfaɗowa ta fara ne daga inda ba a zata ba. Bakin EF na Canon, wanda ya kori lens ɗin gidansu, ya zama mai karɓar baƙi, domin milimita 44 ɗinsa ya gaza na Nikon da M42 da Olympus OM. Siririn zobe mai kaurin milimita ɗaya da rabi ya isa a ɗaura Takumar ko Helios a kai. Da Canon 5D ta fito a 2005 da sensa, abin da ke karɓar hoto a madadin fim a kyamarar dijital, mai girman fim na da, wato milimita 36 a 24, kuma a farashin da ƙwararru da dama za su iya, sai masu sha'awa suka fara gwadawa. Wadda ta gaje ta a 2008 ta zo da ɗaukar bidiyo, masu shirya fim da ƙaramin jari kuma suka gano cewa tsohon lens ya fi daɗin juyawa da hannu. Amma abin da wahala. Tagar leƙen sababbin kyamarori ba a yi ta don saita fokas da ido ba, ga shi kuma a wasu lokuta madubin kan bugi gindin lens ɗin in ya tashi ɗagewa.

A watan Agustan 2008 ne Olympus da Panasonic suka sanar da tsarin Micro Four Thirds, kafin shekarar ta ƙare kuma Panasonic G1 ta shiga kasuwa. An cire madubin gaba ɗaya. Abin da sensa ta gani shi ake nuna wa mai hoto kai tsaye a allo. Da madubi ya tafi, nisan da ke tsakanin baki da sensa ya faɗo zuwa kusan milimita 19. Manufar kamfanonin ita ce kyamara ta yi ƙarama, ta yi sauƙin ɗauka. Amma da wannan mataki sun buɗe ƙofa ga kusan duk wani lens da aka taɓa ƙera wa fim mai milimita 35, har da FD da tsohon Minolta da suka yi shekara ashirin da wani abu babu mai nemansu. Abin da ake buƙata kawai shi ne bututun ƙarfe mara gilashi, mara waya, mai tsawon da zai cike ragowar nisan. Ƙananan masana'antu a ƙasar Sin suka cika kasuwa da irinsa a farashi mai rahusa.

Saura matsala guda. Sensar Micro Four Thirds ƙarama ce, tsakiyar hoton kawai take kamawa, har lens mai milimita 50 ya riƙa gani kamar mai 100. Sony ta rage wannan a 2010 da kyamarorin NEX masu nisan milimita 18 da sensa mafi girma, a 2011 kuma ta ƙara musu wata dabara da aka aro daga kyamarorin bidiyo: gefen duk abin da fokas ya hau kansa sai ya haska da ja ko rawaya a allo. Haɗe da damar zuƙo wani sashe na hoton a duba shi da kyau, saita fokas da hannu ya zama ya fi sauƙi a kan yadda yake a zamanin fim ɗin kansa. A farkon 2013 kamfanin Metabones ya fitar da adafta mai gilashi da ke tattaro hoton ya matse shi a kan ƙaramar sensa. A watan Oktoban shekarar ne Sony A7 ta fito, babu madubi, ga sensa mai cikakken girman fim. Daga ranar, Helios ɗin da aka ƙera a zamanin shugaban Sobiyet Khrushchev ya koma yana ganin duniya da faɗin da aka tsara masa. Nikon da Canon ba su shigo wannan fage da gaske ba sai 2018.

Sai ka riƙe samfurin Helios-44-2 a hannu za ka gane abin da ke jan mutane. Yana da nauyi fiye da yadda girmansa ya nuna. Zoben fokas ɗinsa na juyawa a hankali cikin giris, yana tafiya mai nisa daga rabin mita zuwa ƙarshe, ta yadda yatsa zai iya ɗauke fokas daga kan hanci ya mai da shi kan ƙwayar ido. A gaba akwai zobe biyu na ƙofar haske: ɗaya ka zaɓi lambar da kake so, ɗayan ka buɗe ka saita, sannan ka rufe ka ɗauka. In ka tsayar da mutum a gaban bishiyar da rana ke ratsa ganyenta, ka buɗe ƙofar hasken duka, fuskarsa za ta fito sarai, ganyen da ke bayansa kuma ya narke yana kewaya shi kamar guguwa. A wajen masu tsara lens wannan aibi ne, kuma sun yi shekaru suna yaƙi da shi har suka kawar da shi. Yau shi ake nema da kuɗi.

A ganina bai kamata a yi wa mai karatu ƙarin gishiri ba. Lens na zamani ya fi kaifi, musamman a gefe-gefen hoto, ya kuma fi jure hasken da ke dukan fuskarsa. Tsofaffin da aka yi kafin shafe gilashi hawa-hawa ya yaɗu a farkon shekarun 1970 sukan yi fari-fari in an fuskanci rana. Masu faɗin gani da aka yi wa Leica sukan dusashe ko su sauya launi a kusurwoyi, saboda sensa ba ta son hasken da ya zo mata a karkace kamar yadda fim ke haƙuri da shi. Wasu Takumar masu milimita 50 an haɗa gilashinsu da sinadarin toriyam, shi ya sa suke yin rawaya da tsufa, ko da yake hasken rana na wanke launin. Wanda kuma zai ɗauki wasan ƙwallo ko sukuwar dawaki, gara ya bar injin ya yi masa fokas. Abin da tsohon lens ya fi na yau da shi abu biyu ne: yana ba hoto kamannin da ba na kowa ba, kuma ba shi da lantarkin da zai mutu ko ya daina magana da sabuwar kyamara. Na biyun nan ne ya kawo shi yau da ransa.

Manyan masu shirya fim sun lura da na farkon. Da kyamarorin dijital suka yi kaifi har suna tona kowane tabo a fuskar ɗan wasa, sai aka koma neman gilashin da zai tausasa hoton. Zack Snyder ya ɗauki fim ɗinsa Army of the Dead na 2021 da tsofaffin lens na Canon na shekarun 1960. Greig Fraser ya yi amfani da lens na zamanin Sobiyet, waɗanda kamfanin IronGlass na Yukiren ya sake wa gida, a wasu sassan The Batman na 2022 da Dune: Part Two na 2024. Wannan ya sa farashin wasu tsofaffin lens, musamman Canon FD, ya yi tashin gwauron zabi. Wasu kamfanoni kuma na ƙera sababbin lens marasa inji: Cosina a Japan da sunan Voigtländer, sai 7Artisans da TTArtisan a Sin.

Mu ma abin ya shafe mu. Masu hoton da suka riƙa ɗaukar bukukuwa da hotunan fasfo a garuruwanmu kafin zuwan dijital, da irin waɗannan kyamarori suka yi aiki, kuma da dama cikinsu na nan a ajiye a tsofaffin shagunan hoto da gidajen magada. Wanda duk ya ci karo da ɗaya, kada ya ba 'yan gwangwan. Ya cire lens ɗin, ya haska tocila ta bayansa ya duba ko akwai fumfuna mai kama da saƙar gizo a jikin gilashin, ya juya zoben fokas ya ji ko ya cije, ya tabbata ganyen ƙofar haske na buɗewa da rufewa babu maiƙo. In ya samu lafiya, ya kare shi daga ƙurar hunturu da danshin damina, ya karanta sunan da ke rubuce a bakinsa, ya nemi adaftar da ta dace da kyamararsa, ya mai da shi aiki.