Dokar Daidaita Noma ta 1933: Yadda Amurka Ta Biya Manoma Su Rage Shuka

Dokar Daidaita Noma doka ce da Shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya sa wa hannu ranar 12 ga Mayu, 1933, ana tsaka da karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929. A lokacin amfanin gona ya yi kwantai, farashi ya faɗi warwas, bankuna kuma suna ƙwace gonakin waɗanda suka kasa biyan bashi.

Manufar dokar ita ce a rage kaya a kasuwa domin farashi ya tashi. Gwamnati ta riƙa biyan manomi kuɗi idan ya amince ya rage abin da yake nomawa ko kiwatawa. Ta shafi alkama, auduga, masara, shinkafa, taba, madara da aladu. Kuɗin kuwa sun fito ne daga harajin da aka ɗora wa kamfanonin da ke sarrafa waɗannan kayayyaki.

Da yake an riga an yi shuka a shekarar, sai aka kafce audugar da ta kai eka miliyan 10, aka kuma yanka aladu kimanin miliyan 6, alhali marasa aiki na layin karɓar abinci. Hakan ya jawo suka mai zafi.

Farashi ya farfaɗo, amma masu gonaki ne suka fi cin moriya. A Kudancin ƙasar, sun sallami ɗimbin masu noman haya, da yawansu baƙar fata.

A Janairun 1936 Kotun Ƙoli ta soke dokar saboda harajin. Majalisa ta kafa sabuwa a 1938, wadda ke biyan manoma daga baitulmali.